Zango a tsakiyar aiki: yadda rumbun bayanai ke warware kuskure ba tare da rusa komai ba

Duk wanda ya taɓa leƙa ma'adanar wayarsa ta Android, ya shiga jakar WhatsApp, zai iya cin karo da wani fayil mai suna msgstore.db.crypt14 ko makamancinsa. Wannan fayil kwafi ne a kulle na rumbun bayanan da manhajar ke zuba saƙonni a ciki, kuma an gina rumbun a kan wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna SQLite. Kowace wayar Android da kowace iPhone na ɗauke da SQLite, haka kuma Chrome da Firefox da ita suke adana tarihin shafukan da aka ziyarta. Wani Ba'amurke mai suna D. Richard Hipp ne ya fitar da ita a shekarar 2000, kuma masu kula da ita sun ƙiyasta cewa rumbunan da ke aiki da ita a duniya sun haura tiriliyan ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rumbuna yana fuskantar tambaya guda a kullum: idan aiki mai matakai da yawa ya cije a tsakiya, me za a yi da matakan da aka riga aka kammala? Amsar da aka fi sani ita ce a watsar da komai a sake daga farko. Amma akwai wata amsar, wadda maginan manhaja ke kira savepoint da Turanci. A Hausa za a iya ce mata zango, wato wurin da matafiyi ya yada, wanda idan hanya ta ɓace masa a gaba zai iya dawowa nan maimakon ya koma gida.

Ko duka, ko babu

Kafin a fahimci zango, sai an fahimci tafiyar da ake kafa shi a cikinta. A ce wani mai shagon kayan masarufi yana rubuta cinikinsa da manhajar waya. Mai saye ya zo ya ɗauki buhun shinkafa biyu da galan ɗaya na man gyaɗa. A idon mai shago ciniki ɗaya ne, amma a wurin manhajar matakai ne da dama: ta buɗe sabon rasit, ta rubuta shinkafa a kai, ta rage biyu daga lissafin buhunan da ke sito, ta rubuta mai, ta rage shi ma, sannan ta ƙara kuɗin a kan cinikin ranar.

Idan batir ya mutu bayan an rage shinkafa daga sito amma kafin a rubuta kuɗin, lissafi ya lalace. Da yamma mai shago zai ga buhu biyu sun fita babu kuɗinsu, kuma yaron shago ne zai sha zargi. Don gudun haka ake haɗa matakan a ƙunshi ɗaya, abin da masana ke kira transaction. Ana buɗe ƙunshin da umarnin BEGIN. Idan komai ya tafi daidai, sai a buga masa hatimi da umarnin COMMIT, daga nan ya zama tabbatacce. Idan an samu matsala, sai a ba da umarnin ROLLBACK, rumbun ya koma yadda yake kamar ba a taɓa shi ba. Idan kuma wayar ce ta mutu kafin hatimi, rumbun da kansa zai warware aikin da zarar an sake buɗe shi.

Wannan ƙa'ida ta "ko duka, ko babu" ita ce ta farko cikin sharuɗɗa huɗu da masana biyu daga Jamus, Theo Härder da Andreas Reuter, suka dunƙule a kalmar ACID a shekarar 1983. A kanta bankuna da kamfanonin sadarwa da masu sayar da tikitin jirgi suka dogara.

Inda tsaurin ke zama wahala

Ƙa'idar tana da kyau, sai dai ba ta san sassauci ba. A ce mai sayen nan ya ƙara da buhun sukari biyar, alhali uku ne suka rage a sito. Manhajar ta rubuta sukari a kan rasit, ta je ragewa, sai rumbun ya ƙi, domin an kafa masa doka cewa adadin kaya ba zai sauka ƙasa da sifili ba.

Yanzu maginin manhaja na da zaɓi biyu, kuma babu na kirki a ciki. Ko ya warware ƙunshin gaba ɗaya, shinkafa da mai su bi sukari, mai shago ya sake shigar da komai alhali mai saye na tsaye. Ko kuma ya rufe ido ya buga hatimi, rasit ya fito da sukarin da bai bar sito ba. A SQLite, umarnin da ya gaza yana goge sawunsa da kansa, amma umarnin da ya gabace shi, wato rubuta sukari a kan rasit, yana nan daram. A ciniki mai kaya uku wahalar kaɗan ce. Idan kuwa lambobin waya dubu biyu ake shigarwa daga wani fayil, ko albashin ma'aikata ɗari uku ake lissafawa, watsar da komai saboda layi ɗaya ya gurɓata asarar lokaci ce babba.

Zango ne ke samar da zaɓi na uku. Ga yadda aikin zai kasance:

```
BEGIN;
INSERT INTO rasit VALUES (41, 'shinkafa', 2);
UPDATE kaya SET adadi = adadi - 2 WHERE suna = 'shinkafa';

SAVEPOINT kafin_sukari;
INSERT INTO rasit VALUES (41, 'sukari', 5);
UPDATE kaya SET adadi = adadi - 5 WHERE suna = 'sukari';
ROLLBACK TO kafin_sukari;
RELEASE kafin_sukari;

COMMIT;
```

Umarni uku ne kawai sababbi. SAVEPOINT yana kafa zango ya raɗa masa suna. ROLLBACK TO yana warware duk abin da aka yi bayan zangon, ya bar abin da ya gabace shi, kuma ƙunshin aikin yana nan a buɗe ana iya ci gaba. RELEASE kuma yana cire alamar zangon idan an gama da ita. A misalin nan, da rage sukari ya gaza, manhajar ta koma zango, layin sukari ya ɓace daga rasit, shinkafa ta tsira, aka buga hatimi. Mai shago zai ga sanarwa cewa sukari bai isa ba, ya sallami mai saye da sauran kayansa.

Ana iya jera zango bayan zango. Idan aka kafa na ɗaya, na biyu da na uku, sannan aka koma na ɗaya, to na biyu da na uku sun rushe tare da ayyukan da ke bayansu. Shi kuwa na ɗayan yana nan, ana iya sake komawa gare shi sau nawa aka ga dama har sai an cire shi.

Kada sunan ya ruɗi mai karatu

Mai buga wasannin waya ya saba da cewa idan ya kai wani mataki wasan ya adana, ko wayar ta mutu daga nan zai ci gaba. Zangon rumbun bayanai ba haka yake ba, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Zango yana rayuwa ne a cikin ƙunshin aiki kawai. Idan wuta ta ɗauke ko manhajar ta rufe kanta kafin COMMIT, komai ya tafi, har abin da aka yi kafin zangon. Shi ma RELEASE ba ya tabbatar da komai. Yana dai zuba aikin da ke bayan zango a cikin babban ƙunshin, kuma idan aka warware babban daga baya, wannan aikin ma zai bi shi.

Akwai togaciya guda a SQLite. Idan aka fara da SAVEPOINT kai tsaye ba tare da BEGIN ba, to wannan zangon ne ke zama bakin ƙunshin, kuma cire shi daidai yake da buga hatimi.

Abin da ke gudana a ƙarƙashi

SQLite tana ajiye rumbu a fayil ɗaya da aka yanka shafi-shafi, kowane shafi yawanci bayit 4,096. A tsarinta na asali, kafin ta canza wani shafi sai ta kwafi tsohon ta ajiye a wani fayil na gefe. Idan aka ce a warware, sai ta mayar da tsofaffin shafukan mazauninsu. Lokacin da aka kafa zango, takan lura da inda aka kwana, ta kuma riƙa adana kamannin kowane shafi kamar yadda yake a lokacin kafa zangon kafin a sake taɓa shi. Komawa zango na nufin mayar da waɗannan shafuka kaɗai.

PostgreSQL, wadda manyan shafukan intanet da yawa ke amfani da ita a uwar garke, tata hanyar daban ce. Ba ta rubutu a kan tsohon layi. Sabon kwafi take yi, ta liƙa masa lambar ƙunshin aikin da ya samar da shi. Aikin da ke bayan zango yana samun tasa lambar, kamar ƙaramin ƙunshi a cikin babba. Idan aka koma zango, sai a yi wa wannan lamba alamar cewa an soke ta, duk layin da ke ɗauke da ita ya daina ganuwa, daga baya a share shi.

Dabarar ta girmi wayoyin Android da iPhone nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1970 tana cikin System R, rumbun gwaji da kamfanin IBM ya gina a San Jose ta jihar Kalifoniya, inda Jim Gray ya yi aiki. Shi ne masanin da ya samu lambar yabo ta Turing a 1998 saboda gudummawarsa a wannan fanni. An shigar da zango cikin ƙa'idar yaren SQL ta 1999. PostgreSQL ta samu shi a zubi na 8.0 a watan Janairun 2005, SQLite kuma a zubi na 3.6.8 a watan Janairun 2009.

Kowane rumbu da halinsa

Duk da cewa akwai ƙa'ida, ba a taru an zama ɗaya ba. A PostgreSQL, kuskure ɗaya tak a cikin ƙunshi yana gurɓata shi gaba ɗaya: rumbun zai ƙi karɓar duk wani umarni da ya biyo baya har sai an warware. Hanyar kuɓuta ita ce a ce an kafa zango tun kafin umarnin da ake shakka, sai a koma can a ci gaba. Wannan ya sa zango ya fi zama dole a PostgreSQL fiye da SQLite ko MySQL, inda kuskure irin na karya doka yakan tsaya a kan umarnin da ya jawo shi.

Idan aka sake amfani da suna ɗaya sau biyu, MySQL da Oracle kan goge tsohon zangon su maye gurbinsa da sabon. PostgreSQL da SQLite kuwa suna barin tsohon a ƙasa, sabon ya rufe shi har sai an cire. SQL Server ta Microsoft ma ba ta amfani da kalmar SAVEPOINT. Umarninta SAVE TRANSACTION ne.

Masu gina manhajar Android na da nasu tarkon. Tsohuwar hanyar da Android ta tanada don magana da SQLite, wato SQLiteDatabase, tana ba da damar buɗe ƙunshi a cikin ƙunshi, har mutum ya ɗauka zango ya samu. Amma a can, idan na ciki ya gaza, na waje ma gaba ɗaya za a warware. A ɗaya ɓangaren kuma, masu gina shafukan intanet da Django sukan kafa zango ba su ma sani ba, domin duk lokacin da aka sa atomic a cikin wani atomic, Django na tura SAVEPOINT a ɓoye. Rails da SQLAlchemy ma suna da nasu hanyoyin yin hakan idan an nema.

Abin da ba ya warwaruwa

Zango na da iko ne a kan abin da ke cikin rumbu kaɗai. Idan manhaja ta tura wa mutum saƙon tes cewa an karɓi kuɗinsa, sannan ta koma zango, saƙon ya riga ya isa. Magana zarar bunu ce. Haka imel, haka takardar da firinta ta riga ta fitar. Shi ya sa ƙwararru ke jinkirta irin waɗannan ayyuka sai bayan an buga hatimi.

Ko a cikin rumbun ma akwai abin da ba ya komawa. A PostgreSQL da MySQL, lambar da rumbu ke bai wa kowane sabon layi bi da bi ba ta dawowa idan an warware. Idan aka ɗauki lamba 42 sannan aka soke aikin, na gaba 43 zai samu. Don haka ganin giɓi a jerin lambobin oda ba lallai ne ya zama alamar an goge wani abu ba.

Wannan kuma ya bayyana wani abu da masu tura kuɗi ta waya a Najeriya suka sani sarai: an cire kuɗi daga asusu, bai isa ga wanda aka tura wa ba, sai daga baya a ga alat na mayarwa. Tura kuɗi tsakanin bankuna biyu ya shafi rumbuna daban-daban, da NIBSS a tsakiya tana isar da saƙo. Bankin mai turawa ya riga ya buga hatimi a kan cirewar, kuma bayan hatimi babu ROLLBACK, babu zango. Abin da ya rage shi ne a rubuta sabon aiki da ke mayar da kuɗin. Dalilin da ya sa ke nan ake ganin layi biyu a bayanin asusu, na fita da na dawowa. Da a cikin ƙunshi ɗaya aka warware, mai asusun ba zai ma ga alamar an taɓa kuɗinsa ba.

Zango ba kyauta ba ne

Tunda yana da amfani haka, me zai hana a kafa shi kafin kowane umarni? Amsar ita ce tsada. A PostgreSQL, kowace haɗuwa da rumbu na iya riƙe lambobin ƙananan ƙunsa har 64 a wurin da sauran ke saurin dubawa. Da zarar an haura haka, sai an riƙa zuwa wata ma'adana ta daban don gano wace lamba ce 'yar wace, kuma hakan na iya rage gudun kowa, har waɗanda ba su kafa zango ko ɗaya ba.

Kamfanin GitLab, inda maginan manhaja ke ajiye ayyukansu, ya ɗanɗana wannan. A watan Satumban 2021 injiniyoyinsa suka bayyana cewa rumbunsu ya yi ta sandarewa na tsawon mintuna ba tare da wani dalili na fili ba, masu amfani da shafin suna ta cin karo da saƙon kuskure. Matsalar takan bayyana ta ɓace, har suka laƙaba mata suna Nessie, sunan dodon da ake almarar yana cikin tafkin Loch Ness na Sikotilan. Da suka bi sawu, sai suka gano cewa kafa zango a daidai lokacin da wani dogon ƙunshin aiki yake buɗe yana shaƙe kwamfutocin da ke riƙe da kwafin rumbun. Maganin da suka zaɓa shi ne cire SAVEPOINT daga manhajarsu, aikin da ya ci musu kimanin wata guda.

Manhajar shago da ke kan waya ɗaya ba za ta shiga irin wannan hali ba. Amma ko a can akwai abin lura: SQLite mai rubutu ɗaya take bari a lokaci guda. Duk tsawon lokacin da ƙunshi mai rubutu yake buɗe, sauran sassan manhajar da ke son rubutu jira suke yi. Zango kan jarabci magini ya bar ƙunshi a buɗe yana ta gwaji, kuma mai waya ne zai ji nauyin a hannunsa.

A ina ya dace a kafa shi

Babban haɗarin ya fi na sauri girma. Zango ƙofa ce da aka huda a jikin ƙa'idar "ko duka, ko babu", kuma rumbu ba ya tambayar ko wurin da aka huda ya dace. A ce ana tura kuɗi tsakanin asusu biyu a rumbu ɗaya: a cire daga na farko, a zuba a na biyu. Idan magini ya kafa zango tsakanin cirewa da zubawa, zubawar ta gaza, ya koma zango ya buga hatimi, to kuɗin ya fita bai shiga ko'ina ba. Rumbun ya yi biyayya ga kowane umarni, amma an cuci mai asusu.

Ma'aunin da za a riƙe shi ne: idan aka koma wannan zango aka buga hatimi nan take, shin lissafin da ya rage yana tsaye da ƙafarsa? A misalin shago, rasit mai shinkafa ba sukari ciniki ne cikakke, don haka zangon ya dace. Wajen shigar da lambobin waya, kowane suna da lambarsa abu ɗaya ne, sai a kafa zango tsakanin mutum da mutum. Wajen albashi, cire kuɗin ma'aikaci ɗaya daga asusun ma'aikata da zuba masa a nasa ba sa rabuwa, zangon yana zuwa kafin su biyun. Sannan duk abin da aka tsallake dole a rubuta shi a nuna wa mai amfani da manhajar. Ma'aikacin da aka tsallake albashinsa a ɓoye ba zai ji daɗin cewa an biya sauran ba.

Gwaji a kan waya

Ba sai da kwamfuta ake iya ganin wannan da ido ba. Mai wayar Android na iya saukar da manhajar Termux, ya rubuta pkg install sqlite, sannan ya buɗe rumbun gwaji da sqlite3 gwaji.db. Sai ya ƙirƙiri teburin kaya mai dokar CHECK (adadi >= 0) da teburin rasit, ya zuba shinkafa da sukari uku, ya bi umarnin da ke sama ɗaya bayan ɗaya, yana duba teburin rasit da SELECT bayan kowane mataki. Zai ga layin sukari ya bayyana, sannan ya ɓace bayan ROLLBACK TO, shinkafa na nan.

Gwaji na biyu ya fi koyarwa. A sake bin matakan da sabuwar lambar rasit har zuwa RELEASE, amma maimakon COMMIT sai a rufe Termux gaba ɗaya. Idan aka sake buɗe rumbun aka duba, ba za a ga sabon layin shinkafar ba, kuma adadin buhunan da ke sito yana nan yadda yake kafin BEGIN.